Gwangwanin da Baba Ya Ce Kar a Taɓa

Da aka zo rabon gadon Baba, gona ta rabu, awaki sun rabu, har manyan tukwanen ƙarfen da yake bai wa masu biki aro sun rabu. Mota ce kaɗai ta gagara. Malamin da ya yi rabon ya ba da shawara a sayar da ita, Yaya ya ce sai dai bayan ransa. Sauran ƴan'uwa suka ɗauki nasu a gona da dabbobi, suka bar mu da ita ni da shi, shi yana tuƙi ni ina da kayan ɗauka. Haka na wayi gari da hannu a cikin wata tsohuwar bashe, irin motocin kayan nan na Faransa masu rumfar tamfol a baya, wadda in ba ta girme ni ba to sa'ata ce.

Sana'ata wake da gyaɗa. Ina fita da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga Tasawa, in ci kasuwar Maijirgi ko ta Urafane, wani lokaci har Attantane can ɓangaren Mayahi, in dawo da buhuna. Mace mai irin wannan fatauci ta samu motar gida, ai sai godiya. Kuma gaskiya in injin ya kama ba ya da laifi. Yana tafiya a hankali yana huci kamar tsohon raƙumi, amma yana kaiwa. Kamawar ce aiki.

Demarer, wato abin da ke juya inji in an murɗa makulli, ya gaji tun Baba yana da rai. In Yaya ya murɗa, sai ka ji wani nishi daga ƙasa, gurr, gurr, sannan ƙas, shi ke nan. Ranar da ya ga dama, musamman in an kwana an cire batir an kai shi caji, yakan tashe ta. Sauran ranaku sai turi. Da yake Yaya ne mai ƙarfi, ni ce marar nauyi, sai ya koya mini zama a kujerar direba: in sa duziyem, wato giya ta biyu, in danne ambireyaj, wato kuloci, in ya yi mini tsawa daga baya in saki. Ta kama, in riƙe ta da ƙafa har ya sheƙo ya buɗe ƙofa, ni kuma in ja jiki in koma gefe, zane na harɗe ni. Ni da ban iya tuƙi ba, duk kasuwannin nan an san ni da hajiyar da ke tada mota. Ba mu taɓa tsayawa inda kayana suke ba, sai inda akwai gangare. Sau da yawa gangaren yana can bayan kasuwa, sai in nemi amalanken jaki ya kai buhuna wurin mota. Ina da mota, ina hayar jaki.

Duk lokacin da na kawo maganar canza demarer, Yaya sai ya ce da shi motar ta zo daga ƙasarsu, na yanzu kuwa duk gwangwani ne. Ya ce Baba ya yi shekara da shekaru da shi bai mutu ba. Na ce Baba yana da abokai a kowace tasha masu tura mashi, mu kuwa mutane sun fara juya baya in sun hango mu. Sai ya shiga goge gilashi.

Sannan ga gwangwanin. In an ɗaga kapo, wato murfin inji, a jikin bangon da ya raba inji da wurin zama, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, bai kai gwangwanin tumatir babba ba, tsatsa ta cinye rubutun da ke kansa. Wayoyi biyu suka fito daga gindinsa. Guda ja ce, ta tafi wajen batir. Gudar ta nutse ƙarƙashin mota cikin baƙin mai da ƙasa, ba wanda ya san inda ta nufa. Yaya ya ce tun yana saurayi, ranar farko da Baba ya bar shi ya zuba ruwa a radiyater, ya nuna mashi wannan abu da yatsa ya ce, “Wanga kar ka taɓa shi.” Bai ƙara komai ba. Yaya ya riƙe maganar nan kamar wasiyya. Ko wanke inji ake yi sai ya ɗaure gwangwanin da leda.

Ni ban damu da shi ba da farko. Abin da ya dame ni shi ne duk garejin da muka shiga, da an buɗe kapo sai a manta da abin da ya kawo mu a koma kansa. Wani makanike a tashar Tasawa ya ce regilater ne, mai daidaita wutar tsohon dinamo, an bar shi nan da aka sa sabon mai caji. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, regilater ba ya da waya biyu, wannan na kilakson ne, wato ham ɗin mota. Wani a Mayahi ya leƙa ya daɗe, ya ce antibol ne, maganin ɓarayin mota, in aka cire shi injin ba zai sake tashi ba har abada. Yaya ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, ya yi ta maimaita ta. Wani tsohon direban kaminyo, babbar motar kaya, kuma ya ja shi gefe ya raɗa mashi cewa ba kayan wuta ba ne ko kaɗan, laya ce aka rufe a ƙarfe, wayoyin na ɓad da sawu ne. Na ɗauki hoton abin da waya na aika wa ɗan mijina da ke karatun wutar mota a Maraɗi, ya nuna wa abokansa, amsa ta dawo kala-kala kamar zanen salla. Kowa da sunan da ya ba shi, kuma kowa yana rantsuwa. In na ce to a kwance a duba mana, Yaya sai ya sauke kapo.

Abin da ya kai ni bango ya faru ranar kasuwar Urafane, bayan kaka, wake ya yi araha. Na sayi abin da motar za ta iya ɗauka, ga bido biyu, wato jarkoki, na man gyaɗa da suka rage ban sayar ba. Gangaren da muka saba tsayawa, ranar mun tarar masu shanu sun cika shi, dole muka tsaya a gindin wani gawo inda rairayi ya yi laushi. La'asar ta yi, aka ɗaure kaya, Yaya ya murɗa makulli. Gurr, ƙas. Na koma kujerar direba, ya tara mutane suka sa kafaɗa. Mota da kaya a cikin rairayi, ko gezau. Aka sauke rabin buhuna, aka sake. Tayoyi suka ɗan mirgina suka ƙara nutsewa. Masu turi suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ya tuna bai yi salla ba, wancan ya hango jakinsa ya kwance.

Muna cikin haka sai ga Baffa, wani dattijon Bafillace abokin Baba, wanda shanun gidanmu suka daɗe a hannunsa. Ya zo kasuwa da amalanken shanu. Ya tsaya ya dube mu, ya dubi motar, ya ce tun da ran amininsa yake ganin wannan abu a wannan hali. Ya kwance bijimansa biyu daga amalanke, aka ɗaura igiya a ƙarfen gaban mota. Bijiman suka ja, ta fito daga rairayi sumul, suka nufi jan burji da ita. Amma sa ba ya sauri, tafiyarsa ta isa ce. Na saki ambireyaj, ta yi tari ta tsaya. Aka sake, haka. A karo na gaba Baffa ya ɗan taɓa su da sanda a daidai inda hanya ta sunkuya, na saki, injin ya kama, bututun hayaƙi ya buga wata ƙara kamar bindigar maharba.

Bijiman nan ba su taɓa jin irinta a bayansu ba. Suka zabura, guda ya yi gabas guda ya yi arewa, ƙarfen gaban ya ɓalle ya bi su yana ƙara a ƙasa. Ni kuma da na ga shanu a gabana na taka birki da duk ƙarfina, na manta da ambireyaj, injin ya mutu. A baya bido guda ya kife, murfinsa ya fita, man da na yi kwanaki ina matsa ya malale kan buhunan wake ya tsiyaye ta ƙasan mota. Ina zaune riƙe da sitiyari, ina jin ƙamshin man gyaɗata yana tasowa, ina kallon Baffa, da tsufansa, yana bin shanu a guje cikin karan gero yana kiran su da Fillanci. Ƴan kasuwa kuwa me za su yi in ba dariya ba. Wata mai fura har sai da ta dafa ƙawarta.

Da ƙyar aka tashe ta daga baya. Muka kama hanyar dawowa har muka ga fitilun shiga gari. Na ce, “Yaya, ko a canza demarer, ko a kira malam ya zo ya raba motar nan. Ka ɗauki gaba da gwangwaninka, ni in ɗauki baya in sa mata jaki.”

Ya rage gudu. Can ya ce, “A canza. Amma ba wanda zai taɓa wancan, kuma tsohon a ba ni abina.”

Akwai wani mai gyaran wutar mota a bayan tasha, mutum mai sanyin magana, gilashin idonsa ɗaure da zare a kunne guda. Shi na zaɓa, don shi kaɗai ne bai taɓa ba gwangwanin suna ba. Da aka tambaye shi cewa ya yi bai sani ba, sai ya bi wayar. Ya kwanto tsohon demarer, abu kamar turmi, sai da ya sa hannu biyu. Ya buɗe ya nuna mana cikinsa: gawayin da ke shafa wuta ya cinye, jan ƙarfen ya yi baƙi ya zaizaye. Ya ce irinsa sabo babu, na hannu kuma duk ƴan'uwan wannan ne a gajiya. Abin da ake yi yanzu, a samo na motocin Japan, ƙarami ne amma akwai giya a cikinsa mai ninka ƙarfi, ba ya shan batir kamar wannan. Sai dai a kula haƙoran bakinsa su dace da na babban faifan inji, in ba haka ba za su cinye juna.

Na ɗauki tsohon a buhu na shiga motar Maraɗi da shi, yana dukan ƙafata duk hanya. A wurin masu sayar da kayan ɓarakar motoci na yi yini guda. Duk rumfar da na shiga sai a tambaye ni ina mai motar. In na ce ni ce, sai a ce to ina direban. Wani ya miƙo mini guda ya ce shi ne daidai, ko dubawa bai yi ba. Na ce ya kanga bakinsa da na tsohon in gani. Ya kanga, ko makaho ya shafa ya san ba su yi ba. Ya ce ai in aka ɗaura za su saba. Na ɗauki buhuna na yi gaba. Sai wajen la'asar na samu wanda haƙoransa suka zauna, na kira mai wuta na nuna mashi ta waya, ya ce in kawo.

Na ɗauka an gama. Ashe ramukan kusoshin sabon ba su hau kan na motar ba, guda ya hau, sauran sun kauce. Aka tafi wurin mai walda ya yanka faranti na ƙarfe mai kauri, ya huda shi ta yadda zai kama nan ya kama can. Na farko ya huda a karkace, aka sake wani. Aka ɗaura, mai wuta ya ce Yaya ya murɗa. Wata ƙara ta tashi kamar ana niƙa tsakuwa a injin markaɗe, har kajin makwabta suka watse. Yaya ya fito daga mota yana salati, ya ce ga shi nan, za a kashe mashi injin da ya fi kowa a garejin nan shekaru. Mai wuta ya ce farantin ya yi kauri, haƙoran bakinsu kawai ke taɓawa, sai an rage shi. Aka kwance, aka kai aka goge, aka dawo. Wannan karon ba ƙara, sai ɗan ƙas-ƙas. Aka gano tsohuwar wayar mas, wadda ke haɗa inji da jikin mota, ta ruɓe saura ƴan zaruruwa. Aka sa sabuwa mai kauri.

Duk kwanakin nan kasuwanni na wucewa, ni ina zaune kan wani tsohon taya a inuwar itacen bedi, ina kallon ƙafafun maza biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota, ina jin Yaya yana ba mai wuta labarin yadda Baba yake yi. Mai wuta kuwa sai dai ya ce a miƙo kile, wato sifana, lamba kaza.

Ranar da ta yi, ban ma shirya ba. Yaya ya taɓa makulli kawai, wani ɗan sauti siriri ya yi wit, injin ya ɗauka. Ya kashe, ya sake, ta sake ɗauka. Na ji hawaye na neman zubo mini saboda demarer, abin kunya. Yaya ya ce ƙarar ba ta yi mashi ba, kamar kukan ɗan tsako, amma na ga yana ta kashewa yana kunnawa har mai wuta ya ce ya isa haka.

Muka kai ta gida. Washegari ba kasuwa, ta yini a ƙofar gida. Wanshekare da safe na fito da kayana, na sa an loda a nan bakin ƙofa, ba gangare ba jaki, ina ta fara'a da masu wucewa. Yaya ya murɗa makulli. Shiru. Ko ƙas ɗin da tsohon ke yi babu. Ya taɓa kilakson, shi ma shiru. Batir ya mutu murus.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yaya ya fito ya tsaya ya harɗe hannu, fuskarsa har wani haske take yi. Ya ce dama ya faɗa, ɗan tsakon nan ne ya tsotse batir. Aka kira mai wuta ya zo da wani batir a bayan babur, da ƴar fitilar gwajinsa, ƙwai guda da waya biyu. Ya cire kan batir ya sa fitilar a tsakani, makulli na hannun Yaya, komai a kashe. Fitilar ta kama ja-ja. Ya ce akwai abin da ke shan wuta ko mota na barci, kuma ya daɗe yana sha, shi ya sa batir bai taɓa kwana biyu da ƙarfinsa ba. Ya cire wayar sabon demarer, fitila na nan. Ya bi fizib, wato fis-fis ɗin wuta, ɗaya-ɗaya yana zarewa, tana nan. Sannan ya miƙe ya gyara gilashinsa, ya dubi jar wayar da ta tafi gwangwani, ya dubi Yaya.

Yaya ya ce a'a.

Mai wuta ya ce, “Alhaji, ba buɗe shi zan yi ba. Wayar kawai zan ɗaga in mayar.”

Yaya ya ce ko wayar. Ya ce mutumin Mayahi ya gaya mashi abin da zai faru, kuma shi ba zai saɓa wa mahaifinsa yana kabari ba saboda wake. Nan na manta a titi muke. Na ce Baba mutum ne mai hankali, da ya ga ɗiyarsa na bin shanu da mota da shi da kansa zai fizge abin ya jefar. Ya ce ni mace ce ban san mota ba. Na ce wa ke tada ta shekara da shekaru? Mai wuta ya tattara kayansa a hankali ya ce in mun gama yana gareji.

Na shige cikin gida wurin Inna, ba don neman komai ba, don in huce. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta riga ta ji komai ta kan katanga. Na zauna ina ta zuba, har na kai ga cewa wai Baba ya yi wasiyya a kan gwangwani. Ta tsaya da ɓara, ta tambaye ni wane gwangwani, mai jar wayar nan? Na ce shi. Sai ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa, har ta share ido da bakin gyale. Ta ce in kira mata Yaya.

Ya shigo ya durƙusa. Inna ta ce, “Kai, wace wasiyya? Babanku tsoronsa yake ji. Sabon sayen motar, ya sa kile zai ɗaure shi don yana kaɗawa, wuta ta yi tartsatsi ta babbake mashi gemu gefe guda. Sati ya yi yana naɗe rawani har hanci, yana ce wa mutane mura yake yi. Ni na aske mashi sauran. Tun ranar ko kallonsa ba ya son yi.”

Yaya ya ce to amma me abin yake yi? Inna ta ce ita ina ta sani, ita dai ta san mai maganin gargajiya ne ya sayar wa Baba motar, mai yawo kasuwa-kasuwa yana tallan maganin basir da na shawara, kuma ranar da aka kawo ta akwai tarkace iri-iri a kanta da Baba ya sa aka kwance. Ta koma ɓarar gyaɗarta, ta ce mu tashi mu ba ta wuri, mun tara mata mutane a ƙofa da safe.

Yaya bai ce ya yarda ba. Ya dai fita ya zauna a dakali ya juya wa motar baya, ni kuma na aika aka kira mai wuta. Ya cire kan batir tukuna, ya ɗaga jar wayar daga gwangwani, ya mayar da fitilarsa. Ba ta kama ba. Ya kwanta ya bi ɗaya wayar da hannu, yana kankare baƙin mai da wuƙa. Ta bi ƙarƙashin wurin zama, ta hau ta bayan kujera, ta fita ta wata ƴar huda zuwa ƙarfen rumfa, ta ƙare a can sama cikin wani dunƙulen tsumma da roba ta narke a kai. Kusa da wurin ga ramukan kusoshi a jere, inda aka taɓa ɗaura wani abu mai faɗin gindi. Mai wuta ya ce lasifika ce. Gwangwanin kuwa rele ne, ɗan makunnin da ke ba na'urar mai magani wuta. An cire lasifika da na'urar an bar shi haɗe da batir, ruwa da tsatsa suka shige shi, ya dinga tsiyayar da wuta kaɗan-kaɗan dare da rana.

Da ya kwance shi ya buɗe, na leƙa. Ƴar nannaɗaɗɗiyar waya ce da ta koma kore, da gidan zanzaro a kusurwa. Ba laya, ba antibol. Na tuna duk turin da aka yi, da jakunan da na yi haya, da man gyaɗata a rairayin Urafane, wai duk da hannun abin da aka sa don a ji tallan maganin basir daga nesa. Na so in yi dariya, haushi ya hana ni.

Na zaci Yaya zai ji nauyi. Ina! Kafin azahar ya juya zancen. Ya ce tunda wannan ne ke kashe batir, ashe tsohon demarer ba shi da laifi, banza aka cire shi, a mayar. Mai wuta ya tuna mashi cikin da ya gani da idonsa, gawayi a cinye. Ya ce da batir mai ƙarfi da ya yi. Na ce in aka mayar da turmin nan, to shi zai zauna a kujera ni kuma ba zan tura ba, sai ya nemi wanda zai yi duka biyun. Maganar ta tsaya nan, ko da yake har yau in muka zauna da baƙi yakan ce shi tun farko ya san matsalar ba ta demarer ba ce. Gwangwanin kuma ya wanke shi da kananzir ya ajiye a ɗakinsa. Tsohon demarer yana bayan kujera a nannaɗe cikin buhu, wai ko da tsautsayi, yana cin wurin da nake ajiye kwanon abincina.

Kasuwar da muka fara ci bayan nan ta Attantane ce. Hanyar akwai wani wuri mai rairayi da direbobi ke shiga da gudu don kar su kafe. Muna tsakiyarsa wani garken tumaki ya ratso, Yaya ya taka birki, injin ya mutu, kaya cike a baya, ba kowa kusa sai makiyayin can nesa. Na ji hannuna ya kai ga ƙofa da kansa, na fara tattara zane zan zagaya. Yaya ya murɗa makulli, ta tashi. Ya sa giya, tayoyi suka ɗan yi haƙa suka kama, muka fita.

Muka yi nisa. Can ya ce radiyater ya fara ɗiga, ya lura tun jiya, amma kar in sa rai za a canza shi, akwai wani garin da ake zubawa ya toshe. Na tambaye shi wane gari. Ya ce barkono, wani direba ya gaya mashi. Na jingina kaina da ƙofa na rufe ido, na ce in mun isa ya tashe ni.